AJIYA MAGANIN WATA RANA: Yadda Rubutunmu Ke Ɓacewa, Daga Kasuwar Sabon Gari Zuwa Cikin Waya

Wannan makon layi ya zo kaina. Da farko na yi niyyar yin magana a kan yadda ake gina tauraro a labari, amma na ajiye wancan, saboda akwai abin da ya fi shi gaggawa. Ina amfanin gina tauraro idan za a wayi gari babu shi, babu labarin?

Bari in fara da abin kunyata, don kada a ce ina nuna wa mutane ramin da ban taɓa faɗawa ba.

A daminar bara wayata ta ƙi tashi. In na kunna sai ta nuna tambarin kamfani ta tsaya cak. A cikinta akwai littafin da na shafe wata 14 ina rubutawa, babi 31, mafi yawansu da daddare na buga su da babban yatsa bayan an ɗauke wuta. Na ɗauke ta na nufi wata rumfar gyaran waya a wajajen Bata. Mai gyaran ya jujjuya ta, ya ce, "Malam, wannan sai an yi mata filashin." Na ce, "To yi mata mana, abokina, sauri nake." Ban tambaye shi komai ba, shi ma bai tambaye ni ba. Na ɗan zaga cikin kasuwa na dawo. Ya miƙo mini waya tana tambayata wane harshe nake so, kamar yau muka fara haɗuwa. Na ce, "Ina rubutuna?" Ya ce, "Wane rubutu kuma? Ai filashin wanke waya yake yi tas, kowa ya sani."

Kowa ya sani kuwa, har da ni. Difloma gare ni a fannin kwamfuta, na taɓa amsa tambaya a kan wannan a ɗakin jarrabawa. Don haka ba na ɗora masa laifi. Cikin babi 31, guda 9 kaɗai na samu, su ma don na taɓa tura wa wata yayarmu a ƙungiya ta duba mini kurakurai. Abin da na saki ya fita daga hannuna shi ya tsira. Wanda na ƙanƙame ina ɓoyo don tsoron ɓarayin fasaha, shi ya tafi. Da na koma na bi tarihi, sai na tarar ashe haka abin yake tun kafin a haifi kakanninmu.

ZAMANIN GAFAKA

Almajirai suna da wata magana da suka gada, wai abin da aka rubuta ya zauna, abin da aka haddace ya gudu. Gaskiya ce, amma da sharaɗi. Takarda ma tana da maƙiya: gara, ɗigar ɗaki, gobara, da kuma rabon gado, inda za a yayyaga littafi guda a raba wa magada. A da takarda tsada gare ta, don daga nesa take zuwa. Fataken Sahara ne ke kawo ta, cikinta har da wata mai tambarin wata uku da ake yi a Italiya, kuma Fagge da muke ratsawa kullum tana cikin zangunan da ayari ke sauka. Malami zai yi rubutunsa da alƙalamin kara da tawada, ya sa a gafaka ya rataye.

Abin da ya ceci littattafan wancan zamani shi ne al'adar kwafa. Ɗalibi in yana son littafi, sai ya aro ya zauna ya kwafe shi da hannunsa, ko ya biya marubuci ya kwafar masa. Kowane mai karatu ya zama ma'ajiya. Ku dubi littafin tarihin sarakunan Kano, wanda ya faro daga Bagauda. Da Larabci aka rubuta shi, kuma kwafin da ya zo mana ya tsaya ne a kan Sarki Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki a ƙarshen ƙarni na 19. H. R. Palmer ya buga fassararsa ta Turanci a 1908, daga baya aka mayar da shi Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Yau yaron firamare ya san sunan Barbushe da Rumfa, saboda littafin ya bi hannu da yawa da harshe uku.

Haka rubuce-rubucen Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864. Takardunta sun zauna a gidan Wazirin Sakkwato, waƙoƙinta kuma suna bakin 'yan taru, mata suna koyar da mata a ƙauyuka. Da Jean Boyd da Beverly Mack suka zo tattara su, har suka buga a 1997, sun sami abin tattarawa, domin iyali sun riƙe, ɗalibai ma sun riƙe.

A zamaninmu ma an ga wannan a Timbuktu. A watan Janairun 2013, 'yan bindigar da suka mamaye garin sun cinna wa littattafai wuta a cibiyar Ahmed Baba kafin su fice, aka yi asarar kimanin 4,000. Amma tun kafin nan Abdel Kader Haidara da mutanen gari sun riga sun kwashe dubban ɗaruruwa a cikin akwatunan ƙarfe, ta mota da kwale-kwale, zuwa Bamako. Da a gini ɗaya aka tara komai, da labarin ya sha bamban.

SABON GARI DA ZUWAN MAƊABA'A

Turawa sun ci Kano a 1903. Layin dogo ya iso a 1911, a wajen 1913 kuma aka yanka Sabon Gari a bayan ganuwa don saukar baƙin da jirgi ya kawo: akawuna, masu aikin reluwe, 'yan kasuwa da masu sana'a daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Tare da su keken rubutu da injin buga takardu da shagon sayar da littafi suka zama abin gani yau da kullum a wannan ɓangare na gari.

Ƙagaggen labarin Hausa na boko kuwa a Zariya ya fara tsayuwa. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. An kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kamfanin Gaskiya a 1945, NNPC a 1966. Waɗannan littattafai sun kai shekara 90 kuma har gobe ana samunsu, saboda akwai hukuma a bayansu, an sa su a manhajar makarantu, ana sake buga su. So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980, shi ma ta wannan ƙofa ya shigo.

Daga tsakiyar shekarun 1980 tattalin arziki ya tsuke, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka ja baya daga ƙagaggun labarai. Sai matasa suka ɗauki nauyin kansu. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Alhaki Kwikwiyo a 1990. Malam Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, ƙungiyar Raina Kama ta tsaya da ƙafarta. Farfesa Ibrahim Malumfashi ya kira abin da Adabin Kasuwar Kano, sunan da ya jawo muhawara mai zafi a jaridu, ya kuma zauna.

Ga yadda littafi ke tafiya a lokacin. Marubuci zai cika littafin rubutu na 'yan makaranta da biro, ya kai wa mai tafireta, daga baya mai kwamfuta a bizines santa. Daga nan a kai maɗaba'a, a raba labarin kashi na ɗaya da na biyu da na uku, a kai wa dillalai a kasuwa, ciki har da kasuwar Sabon Gari. Daga nan littafi ya hau mota zuwa Katsina, Gusau, Jos, Maraɗi, Damagaram. Wadda ba ta da kuɗin saye ta karɓi haya. Kwafi ɗaya sai ya zaga gida goma.

Tsarin yana da rauni babba, domin asalin rubutun yakan zauna a kwamfutar mai shago ko a fulofi guda, marubucin ma ba shi da shi. Shago ya tashi, ko kwamfuta ta kamu da cuta a yi mata fomatin, shi ke nan. Sau da yawa babu shekarar bugu a bango, kuma ba kowa ke kai kwafi ɗakin karatu ba. Amma yana da ƙarfi guda da ya rufe raunin: yawa. Littafin da aka buga dubbai aka watsa, da wuya a ce ya ƙare ƙaf.

WUTA BIYU

An gwada wannan ƙarfi a 2007. A watan Mayun shekarar, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, an tara littattafan Hausa da aka karɓe a hannun 'yan mata 'yan makaranta, aka ƙona su a bainar jama'a. Abin ya yi wa marubuta ciwo ƙwarai, kuma shekarar da ta biyo baya aka shiga takun-saƙa tsakaninsu da Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i a kan rajistar marubuta. Ba zancen wa ke da gaskiya ya kawo ni ba. Abin lura shi ne, wutar ta ci takarda amma ba ta iya cin labaran ba, don kowane kwafi da aka jefa yana da 'yan uwa a ƙarƙashin katifa a wasu garuruwan.

Wuta ta biyu ba wanda ya shirya ta. A daren Asabar, 26 ga Maris 2016, gobara ta tashi a kasuwar Sabon Gari, wadda ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce shaguna kimanin 3,800 suka ƙone. Ina sakandare lokacin, na bi wani kawuna da safe muka je. Kayansa sun zama toka, amma abin da ya yi ta maimaitawa shi ne, "Littafin bashi, ɗana, littafin bashi." Sunan duk wanda yake bi da adadin kuɗin suna cikin littafi ɗaya, littafin kuma yana cikin durowar shago. Masu tsoron Allah sun zo da kansu sun biya. Saura kuwa sai a lahira. Kaya ya sake sarowa a hankali, amma littafin nan babu inda ake sayar da irinsa.

To kun ga bambancin wutar biyu. Ta farko an kunna ta da gangan, ta sami abin da ke da kwafi dubu, ba ta gama da shi ba. Ta biyu tsautsayi ce, ta sami abin da ke da kwafi ɗaya, ta shafe shi.

'Yan uwanmu na Anaca sun riga mu ganin haka. Su ma sun yi adabin kasuwa a shekarun 1950 da 1960, ƙananan littattafai masu araha. Yaƙin basasa ya rusa babbar kasuwar garin, harkar ba ta koma yadda take ba. Yau mai son nazarin waɗannan littattafai yakan dogara da abin da wasu ɗakunan karatu na waje suka tara, kamar na Jami'ar Kansas a Amurka. Mu ma haka ne ta wani fannin. Farfesa Graham Furniss ya tara littattafanmu na kasuwa a SOAS da ke Landan, shi da Malami Buba da William Burgess suka fitar da jerin waɗanda aka buga daga 1987 zuwa 2002. Mu gode musu, mu kuma tambayi kanmu: ina namu tarin?

DA MUKA KOMA INTANET

Da kasuwar littafin takarda ta ja baya, muka koma waya. Yanzu marubuciya za ta buga shafi da safe, kafin azahar an karanta shi a Yamai da Jidda da Kumasi. Wannan ci gaba ne, ba mai musu. Amma mun ɗauka duk abin da ya hau intanet ya zauna har abada, alhali intanet kwamfutar wani ce a wani gari, kuma mai ita yana iya kashe ta.

A farkon shekarun 2000, kafin Facebook, masana da masu sha'awar al'adun Hausa suna tattaunawa a zaurukan Yahoo. Cikinsu akwai na Finafinan Hausa, wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya jagoranta. A ƙarshen 2019 Yahoo ta fara kwashe abin da aka ajiye a zaurukanta, ranar 15 ga Disamba 2020 kuma ta rufe su gaba ɗaya. Wanda bai sauke nasa ba, ya koma ya tarar da fili. Amma taron da wannan zaure ya haifar a Kano a 2003 an buga takardunsa a littafi a 2004, kuma littafin yana nan a ɗakunan karatu.

Na kusa da mu shi ne OkadaBooks, wanda Okechukwu Ofili ya kafa a 2013. Da yawa daga cikin yayyenmu a nan sun sayar da littattafai a can. Bayan shekara 10 aka sanar da rufe shi, ya tsaya ranar 30 ga Nuwamba 2023. Wadda ke da kwafinta a gefe ta kwashe ta koma wata kasuwar. Wadda ta mayar da shafin ma'ajiyarta kuwa, sai ta shiga neman masu karatu ko akwai wanda ya adana. MySpace ma, wanda ya taɓa zama gidan mawaƙan duniya, ya amsa a 2019 cewa waƙoƙin da aka ɗora daga 2003 zuwa 2015 sun salwanta a lokacin sauya kwamfutocin ajiya. An ƙiyasta sun kai miliyan 50.

MAƁALLIN DA KE WANKE KOMAI

Wani zai ce, to ni zan sayi na'urar ajiya tawa, in ajiye a ɗakina, ba ruwana da kamfanin kowa. Ga labarin waɗanda suka yi haka. Kamfanin Western Digital ya taɓa yin wata na'ura mai suna My Book Live, ƙaramar saba ce ta gida, wato kwamfutar da aikinta kawai ajiya da miƙo fayil. An gina manhajarta a kan Linux, ana jona ta da intanet don mutum ya ɗauko kayansa daga ko'ina. A watan Yunin 2021 masu ita a ƙasashe daban-daban suka wayi gari suka tarar da ita wayam. Hotunan iyali, takardun aiki na shekaru, babu ko ɗaya. Da aka bincika, sai aka ga an aiko wa na'urorin umarni daga nesa cewa su koma yadda suka fito daga masana'anta. Ya kamata wannan umarni ya nemi kalmar sirri, amma layukan da ke tambayar kalmar an dakatar da aikinsu a cikin manhajar tun shekaru da suka wuce. Rabon da kamfanin ya sabunta manhajar kuwa tun 2015. Shawarar farko da ya bayar ita ce kowa ya zare tasa daga intanet. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan kuwa ya daɗe a tsage ba wanda ya duba.

Su kansu gwanayen ba su tsira ba. GitLab manhaja ce mai buɗaɗɗen tushe, wadda masu rubuta manhajoji ke ajiye aikinsu a kai. Ranar 31 ga Janairu 2017, wani injiniyansu da ya gaji da aikin dare ya ba da umarnin share rumbun bayanai, yana zaton yana kan kwamfuta ta biyu, ashe yana kan ta ainihi. Kafin ya farga, kusan gigabait 300 sun tafi. Suna da hanyoyin ajiyar ko-ta-kwana har guda 5, amma da aka je ɗaukowa sai aka tarar ba wadda ke aiki yadda aka zata. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu awa 6 kafin haɗarin. Aikin waɗannan awanni 6 ya tafi. Sun yi abin yabo, domin ba su ɓoye ba, har a YouTube suka nuna aikin gyaran kai tsaye. Darasin shi ne, ajiyar da ba ka taɓa gwada buɗewa ba, zato ce kawai.

Me ya sa wani lokaci ake iya dawo da abin da aka goge, wani lokaci kuma ba a iyawa? A tsohon faifan kwamfuta, goge fayil kamar yage takardar da ke ɗauke da jerin sunayen littattafai ne a ɗakin karatu. Littattafan suna nan a kan kanta, sai dai ba a san wurinsu ba, kuma an ba da izinin ɗora wasu a kansu. Shi ya sa idan hakan ta faru, abu na farko shi ne ka daina amfani da na'urar nan take, ko memori ce ko filash, don duk sabon abin da ka sa yana iya hawa kan tsohon. Wayoyin yanzu kuwa daban suke. Komai na cikinsu a rubuce yake da wani irin zaurance, wayar ce kaɗai ke riƙe da mabuɗinsa. Idan aka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, mabuɗin ake lalatawa. Ko rubutun yana nan, babu mai iya karanta shi. Na yi yawon rumfuna uku da wayata kafin na yarda da abin da na riga na sani.

TO YANZU ME ZA MU YI?

Masu harkar ajiya suna da ƙa'ida mai sauƙi da suke kira 3-2-1: kwafi 3, a kan abu iri 2, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. In muka mayar da ita tamu, ga yadda za ta kasance. Ɗaya a wayarka ko kwamfutarka inda kake aiki. Ɗaya a imel ɗinka, ka riƙa tura wa kanka duk babin da ka gama, da kwanan wata a sunan fayil ɗin. Ɗaya a filash ko a takarda, a gidan da ba naka ba. Kawuna da ya kwafi littafin bashinsa ya ajiye a durowa ta biyu a shagon, da duka biyun sun ƙone tare.

Ku kula da abu huɗu da ke yaudararmu. Na farko, manhajar da ke daidaita waya da intanet madubi ce, in ka goge a nan ta goge a can, kwandon sharar Google Drive kuma kwana 30 yake riƙe abu. Na biyu, Google ta sanar cewa daga Disambar 2023 tana iya share asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba, don haka tsohon imel ɗin da kika zuba littattafanki na farko, ki leƙa shi. Na uku, yawancinmu da lambar waya muke buɗe asusu. In layin ya ɓata ko aka rufe shi, kuma ka manta kalmar sirri, ka tsaya a ƙofar gidanka babu mabuɗi. Ka rubuta kalmar a takarda ka adana inda kake adana takardun makaranta. Na huɗu, zauren WhatsApp dandali ne na hira, ba rumbu ba ne. Mai zaure na iya rufe shi, lambarka na iya samun matsala.

Kafin ka miƙa waya ga mai gyara, ka zare memori, ka kuma tambaye shi da baki: "Aikin nan zai taɓa abin da ke ciki?" In ya ce e, ka ce ya dakata, a fara gwada wata hanyar. Sau ɗaya a wata kuma ka buɗe ajiyarka a wata na'urar ka karanta shafi ɗaya, don ka tabbatar tana nan da rai.

Na san abin da ke hana da yawanmu raba kwafi: tsoron a sace labari a canja suna, ko a watsa shi kyauta. Tsoron yana da dalili, ni ma shi ya kai ni ga abin da ya same ni. Amma imel ɗin da ka tura wa kanka yana ɗauke da rana da lokaci, shi kansa hujja ce ranar da wani ya yi da'awar aikinka. Ka zaɓi mutum ɗaya ko biyu da ka amince da su. In ɓarawo ya saci littafi, akwai wanda za ka kama ku yi shari'a. Ni kuwa wa zan kai ƙara?

Wanda Allah ya ba ikon bugawa a takarda, ko kwafi 50 ne, ya sa shekara da sunan maɗaba'a. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai wallafa ya kai kwafi 3, mu riƙa cika wannan. Mu ƙara da kai wa ɗakin karatu na Murtala Muhammad da sashen Hausa na jami'a ko kwalejin da ke kusa da mu. Alhaki Kwikwiyo ya kai har Indiya, inda aka buga fassarar Turanci da Aliyu Kamal ya yi a 2012, shekara 22 bayan fitowarsa. Ya kai can ne don akwai kwafin da mai fassara zai ɗauka ya buɗe. Littafin da muke rubutawa yau a waya, wa zai same shi nan da shekara 22?

Ina da roƙo ga shugabanninmu na ƙungiya. Mu duba yiwuwar yin ma'ajiya ta haɗin gwiwa, inda duk memban da ya yarda zai kawo kammalallen aikinsa, a ajiye a hannun amintattu biyu a unguwanni biyu, da rubutacciyar yarjejeniya cewa ba mai fitar da shi sai da izininsa ko na magadansa. Iyayenmu da yayyenmu da ke da buhunan tsofaffin littattafan 1990 a ɗaki, don Allah kada a bai wa mai ƙosai ko gara. Ku faɗa mana a ƙasa, mu matasa za mu zo mu rubuta sunayensu da na marubutansu, mu fara namu jerin.

Game da littafina, na sake zama. Yanzu ina babi na 22. Ba zan yi muku ƙarya cewa ya fi na da ba. Wasu wuraren sun fi, amma akwai wata hira tsakanin uwa da 'yarta a daren kai amarya da na rubuta sau ɗaya ta fito yadda nake so, na yi ta nema ban sake samo ta ba. Da-na-sani ƙeya ce. Kowane babi yanzu kafin in kwanta sai ya tafi wuri uku, kuma yayar nan tamu da ta riƙe mini babi 9 ita ce ta farkon karɓa. Anti, Allah ya saka da alheri.

Kafin ka yi sharhi a ƙarƙashin wannan rubutu, ɗan uwa, fita ka tura wa kanka abin da kake rubutawa, sannan ka dawo mu tattauna. Inda na yi kuskure malamai su gyara mini. Allah ya tsare mana alƙalumanmu da abin da suka rubuta. Sai mako mai zuwa, in mai dukanmu ya kai mu.